Taswirar Baba Bawa

A duk Magama babu wanda ya san duniya kamar Malam Bawa. Shi ya faɗa, kuma bai taɓa yi wa kansa ƙarya ba. Ya yi wata shida a Katsina yana riƙe wa masu safiyo sandar awon ƙasa, tun daga nan ake ce masa Sarkin Tekuna, duk da cewa ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Jibiya.

Ƙanensa Ya'u aminina ne. Shekara ashirin yana jan mota tsakanin Jibiya da Maraɗi, har ciwon kwana uku ya ɗauke shi. Har yau in na ji hon irin nasa sai na waiga. Allah Ya jiƙan Ya'u.

Ya bar matarsa, Safara'u, da 'ya'ya biyu, Zaituna da Bilki. Tun da makarantar ƙauyensu ta rufe suka dawo Magama, Safara'u ke koya musu karatu a tsakar gida. Takan samo taswirar Nijeriya wadda babu rubutu a cikinta, ta ba su jan zare su shimfiɗa hanyar da babansu ke bi, su sa ƙwayar wake a duk garin da yake tsayawa, gyaɗa a inda yake sayo musu tsaraba. Da haka suka san garuruwa, da haka kuma suke hira da mahaifinsu.

Sarkin Tekuna ya shigo ya tarar da su a kai. Ya sa bayan hannu ya share waken.

"Wannan taswira ce ko tukunya? Ilimin ƙasa ba aikin mata ba ne. Ni da na yi aiki da injiniyoyi ba zan bari a dafa wa 'ya'yan ƙanena Nijeriya ba. Gidana za su koma."

Bilki ta bi waken tana tsincewa tana kuka.

Aka sa ranar sadakar arba'in dangi su yanke inda yaran za su zauna. Mahaifiyarsu Bawa, Inna Fatu, ta tsallako daga Ɗan Isa, garinsu na asali, can ɓangaren Nijar. Ta zauna bakin tabarma da carbinta.

Malam Bawa ya zo da babbar riga da jan biro. Ya ce zai nuna wa jama'a ɓarnar da ake yi, ya miƙa wa Zaituna sabuwar taswira ta cike. Yarinya ta rubuta Katsina, ta rubuta Jibiya, sai ta haura saman layin iyaka, inda takarda take fara fat, ta rubuta Ɗan Isa.

Ya ɗaga takardar sama kamar ya kama ɓarawo.

"Jama'a, ku gani da idonku! Ta fita daga taswira! A ilimance, duk abin da ke bayan wannan layi babu shi. Fari ne. Wofi ne. Wanda ya yi karatu ba ya sa alƙalami a wurin."

Ya ja wa Ɗan Isa jan layi har sau biyu, ya tsaya yana jiran tafi.

Inna Fatu ta ajiye carbi. Ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta ce, "Kai wannan, matso da takardar. Nan ne babu kowa?"

"Inna, a ilimance..."

"Nan na haife ka, a ɗakin da ke bayan rumbu. Nan aka binne cibiyarka. Tunda wurin babu shi, to ba a haife ka ba ke nan. Wanda ba a haifa ba kuwa bai riƙon marayu. Safara'u, kwashi 'ya'yanki ku shiga ciki."