Furar Kasuwar Ɗangora

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je kasuwar Ɗangora sayen tsarabar Asabe ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, kaka ta yi kyau, an sa ranar aurenmu, ni kuwa ina jin duk ƙasar Ƙiru babu saurayi kamata.

Asabe autar wani makiyayi ce da ya zauna yake noma a gefen Yako. Mahaifiyarta kuwa ban taɓa ganin fuskarta ba. In na je gaisuwa, a bayan zana nake durƙusawa, kaina a ƙasa, ta amsa a hankali daga ciki.

Na ari keken kawuna, na isa da hantsi. Na fara da rumfar dukawa, na shafa jakunkuna masu ja da kore kamar zan saya. Na tsaya wajen mai sassaƙa ƙwarya, ina kallon yadda yake fitar da ƙadangare da bakin wuƙa. Wajen ɗan koli na sayi madubi da kwalli, gaba kaɗan na zaɓi faifai mai ado. Tsakanin rumfa da rumfa kuwa bakina bai huta ba: ƙosai, dafaffen rogo da ƙuli, tsire (wai ɗanɗanawa nake yi).

Da rana ta take, na hango masu fura a gindin tsamiya. Na zauna gaban wata dattijuwa mai fara'a, na cire hula, na miƙe ƙafa.

"Inna, a dama mini mai kauri, kada a ji tausayin nono."

Ta dube ni, ta ɗan ja mayafi, ta dama. Na shanye har da lashe ludayi, na ce a ƙara.

Maƙwabciyarta, wata mai man shanu, ta ce, "Samari, wannan faifan na wa?"

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce na Asabe ne, wadda in ta yi dariya sai na manta hanyar gida. Na faɗi irin ɗakin da na gina mata. Har waƙar da na ƙaga mata na rera musu (muryata kuwa, ko jaki ya fi ni). Sannan na rage murya na ce, "Uwarta kawai nake tsoro. Daga jin yadda take amsa gaisuwa, ba ta da wasa."

Mai man shanu ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa don dariya. Ban gane ba, sai da na ji murya a bayana.

"Inna, ga sauran nonon."

Na waiwaya da ludayi a baki. Asabe ce, ɗauke da ƙwarya.

Jama'a, surukata! Na ci a gabanta, na yi gyatsa, na yi waƙa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na bar hula, na bar faifai, na bar keken mutane, na yanki gonar dawa a guje har gida.

Kwana na yi ina jiran a ce an fasa. Washegari wan Asabe ya turo keken har ƙofarmu, da hulata, da ƙwaryar fura a ɗaure a baya. Ya ce, "Inna ta ce tun daga nesa ta gane ka, ta sha leƙenka ta zana. Ta ce wanda ya yabi 'yarta haka a inda yake zaton ba a san shi ba, ta ba shi da zuciya ɗaya. Amma waƙar, don Allah ka bari."

Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, kuma ɗana ta riƙa kirana.

Tun daga ranar, kafin in buɗe baki a gaban kowace dattijuwa, ko don ci ko don magana, sai na fara tambayar 'ya'yanta nawa, kuma a ina suke aure.