Rasuwar Gwamna, rediyon Miss Icilda

Da zuciya cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kuka, Miss Icilda Gayle ta Tudun Cedar, a nan gundumar St. Elizabeth ta Jamaika, tana sanar da dangi da maƙwabta da 'yan coci rasuwar rediyonta, wanda kowa ya sani da suna Gwamna. Ya cika da yammacin jajibirin Kirsimetin nan na 1968, a kan teburinsa na kullum. Mai jin dariya ya yi ta a gidansa.

Marigayin ya iso mana cikin jirgin ruwa mai dakon ayaba a 1939, dab da fara yaƙin duniya. Lascelles, ɗan Miss Icilda tilo, shi ya sayo shi bayan shekara biyu yana saran rake, ya ɗauko shi a ka daga tashar mota, ya ɗaura masa waya a reshen mangwaro. Sunan kuwa Mass Ferdie kafinta ne ya laƙaba masa, wai don sai an jira ya ɗumama kafin ya ga damar magana, in ya buɗe baki kuma kowa ya yi tsit.

Mai haƙuri ne, ba ya cin komai sai batir, wanda jakin Mass Ferdie ke kaiwa gari a yi masa caji. A shekarun yaƙi, da kananzir ya yi wuya, shinkafa ta ɓace daga shaguna, Gwamna ne Kirsimetinmu. A fito da shi baranda, a jera benci, Miss Icilda ta zagaya da zobo mai citta da kek ɗin da ta jiƙa kayansa a giyar rake tun Satumba. Ya kawo mana ƙararrawar coci daga ƙetaren teku, ya yi kiɗan rawa, ya kawo wasu Turawa biyu 'yan barkwanci da ba ma gane rabin zancensu, amma in mutanensu sun yi dariya sai mu bi. Mass Ferdie ya fi kowa ƙyaƙyatawa, shi da ko kalma ɗaya bai kama ba.

Lascelles ya shiga sojan sama a 1942. A Nuwamban 1943 tangaraho ya zo: jirginsu bai dawo ba, ana zaton babu wanda ya tsira. Mata suka taru don shirya taron kwana tara, wanda sai an yi shi mamaci ke barin gida ya je ya huta. Miss Icilda ta ce a dakata, ita ba ta binne zato.

Ranar Kirsimeti aka sa shirin gaisuwar sojojin tsibiranmu. Gwamna ya yi tari, ya yi shuuu, sai muka ji: "Mama, Lascelles ne. Lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai. Ki ajiye mini kek, kada ki bari Mass Ferdie ya cinye."

Baranda ta rikice. Tsofaffi suka tashi rawa, Mass Ferdie yana kuka yana rantsuwa bai taɓa cin rabon kowa ba. A lokacin babu ɗayanmu da ya san ana ɗaukar irin wannan gaisuwa a faifai tun Oktoba, a ajiye ta sai ranar. Mu a saninmu, wanda ya yi magana a rediyo yana can tsaye yana yin ta. Ticha Whyte, wato mai wannan rubutu, shi ya gano haka bayan watanni, ya ɗauki ƙafa da iliminsa ya je ya yi mata bayani.

Ta ce, "Ticha, da kunnenka ka ji shi, ko da na aro?"

"Na ji shi, Miss Icilda, sai dai..."

"To zauna ka sha shayinka."

Ya zauna ya sha. Har yau yana jin kunyar tafiyar nan.

Yaƙi ya ƙare, 'ya'yan wasu suka dawo. Kirsimeti ashirin da huɗu Miss Icilda tana fito da Gwamna, ta yanka wa Lascelles kek ta rufe da faranti, ta zauna har a gama shirye-shirye. An daina gaisuwar sojoji tuntuni, ta san da haka, ai ba mahaukaciya ba ce. Cewa take, bakin da ya faɗa sau ɗaya zai iya sake faɗa. Akwai masu cewa Gwamna ya yi mata ƙarya. Su ji tsoron Allah. Abin da aka ba shi ya isar, bai ƙara ko harafi ba.

Ciwon ajalinsa ya fara bara. Muryarsa ta dushe, sai an ɗan bubbuga shi a gefe. Mista Chin mai gyara ya duba, ya ce an daina yin irin kwalaben cikinsa. Ya miƙa mata ɗan ƙaramin rediyo na zamani kyauta, ta kalle shi ta ce, "Wannan ɗan abin ina ya san Lascelles?"

Ranar Talata, jajibirin Kirsimeti, ta murɗa Gwamna. Fitilarsa ta kama, ta yi ja, ta mutu. Ta jira ya ɗumama har kek ya huce, sannan ta ɗora masa hannu, ta ji katakon da sanyi. Mass Ferdie na bakin ƙofa.

Ta ce, "Ferdie, yanzu ta ina zai yi mini magana?"

Mutumin da bakinsa bai taɓa rufuwa ba, sai ya cire hularsa. Can ta ce ya je ya kira Ticha da alƙalaminsa.

Marigayin ya bar Miss Icilda, mai shekara saba'in da ɗaya. Da batir ɗinsa. Da wayar da reshen mangwaro ya haɗiye. Da mu da muka tsufa a kan bencinsa. Ba mu da yawa yanzu.

Za a binne shi ranar Asabar bayan sujadar safe, a bayan gida, cikin akwatin da Mass Ferdie ke haɗawa. Taron kwana tara zai kama Alhamis, biyu ga Janairu. Za a ba da soyayyen kifi da burodi da kofi, kowa ya zo da littafin waƙarsa, a sa baƙaƙen kaya. Miss Icilda ta roƙi Fasto abu ɗaya: in ya zo kiran sunan mamaci, kada ya ce Gwamna. Ya ce Lascelles Gayle, mai shekara ashirin da biyu. Ta ce ita da kanta za ta fara cewa amin.