Motar da Na Gyara Har Ta Rasa Mai Saye

Ba zan taɓa mantawa ba da wani ɗaurin aure da aka yi a Ajingi 'yan shekarun baya, ko da yake Allah ya sani na yi bakin ƙoƙarina in manta. Shi kansa angon na tabbata wasu abubuwan ranar sun shige masa. Ni kuwa har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni malamin makaranta ne a Gaya, darasin kasuwanci nake koyarwa (ku riƙe wannan, don shi ya fi ba ni kunya). Gidanmu na gado yana Toranke, can mahaifiyata Inna take zaune tare da yayana Habu. Duk shekara da kaka ni da shi mukan haɗa abin da muka tara mu sayi gyaɗa mu ajiye, idan ta yi tsada gab da shuka mu fitar. A wannan shekarar mun yi magana ribar za ta tafi a rufin ɗakin Inna. Kwanon ya tsufa ya ci tsatsa, da an fara ruwa sai ta jera robobi a tsakar ɗaki, ta ja gadonta kusurwar da ta fi dama. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma rashin ƙorafin nan nata ya fi damuna.

Ana cikin haka wata hidima ta kai ni Kano, na bi ta gaban wani wurin sayar da motoci na hannu. Can ƙarshen layi na hango ta: ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi. Na ce bari in leƙa kawai. Dillalin ya buɗe mini, ya nuna wani ɗan falle na ƙarfe kusa da giya, bai kai tafin hannu ba, da lamba a jikinsa.

"Malam, irin wannan ƙidayayyu aka ƙera a duniya. Kowace da lambarta. Sauran motoci tsufa suke yi, ita wannan tsada take yi."

Gaskiya bawan Allahn nan bai yi mini ƙarya ba. Na duba a waya na ga haka abin yake, masu sha'awar irinta suna nemanta ido rufe. Ta daɗe a wurin ne saboda mai iyali ba ya kallon mota mai kujera biyu, mai ita kuma ya matsu. Sai na ga kamar Allah ne ya tsaga da rabona. Na sayar da tsohuwar motata, na sayar da ɗan filina na bayan gari, na ɗora da kasona na gyaɗa, na biya.

Da na kai ta Toranke, Yaya Habu ya zagaye ta a hankali, hannayensa goye a baya, ya leƙa ciki ya ɗago.

"To, kaya fa? A ina ake sa su?"

"Yaya, wannan ai ba ta kaya ba ce, ajiya ce," na ce masa. "Gyaɗa ce da ƙwaro ba ya ci. Kafin damina in na sayar, ba rufi ba, har silin za mu yi wa Inna."

Inna tana bakin ƙofa ta ce, "Allah ya sa albarka. Ruwa dai ba ya jiran kowa."

Matsala ta farko hanyarmu ce. Duk tudun da muka hau sai cikin motar ya gogi ƙasa, in ji ƙarar har cikin haƙorana. Na kai ta wurin Ɗanlami, bakanikena na Gaya, mutum ne mai hannu, ban taɓa kai masa abu ya ce ba zai iya ba. Ya ɗaga ta sama, ya sa mata tayoyi masu tsayi. Ya cire wani abu a injin ya ce na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa. Salansarta tana ruri, maƙwabta suna tsegumi, aka sauya mata mai shiru. Kujerun fata suna ƙona baya da rana, mai kushin ya yage ya ɗinka mata yadi mai furanni. Jan launin nan kuma na ga bai dace da malamin da ke shiga sahun gaba ba, aka fesa mata ruwan toka. Daga ƙarshe, don in rufe bakin Yaya Habu, na sa aka yi mata waldar kariya a sama, ta ɗora kaya.

Shi kuwa ɗan fallen nan mai lamba, daidai inda nake son manna mariƙin waya yake. Wata rana a Toranke na sa sukundireba na ɓamɓare shi, na jefa a gwangwanin da Yaya yake tara tsofaffin ƙusoshi.

(Kada ku ɗauka da ganganci na yi. A wurinmu duk abin da ka kashe wa kuɗi ƙara daraja yake. Gida in ka yi masa filasta ya tashi, rago in ka ba shi dusa ya tashi. Ni duk gyaran da na yi, a zuciyata ƙara shi nake a kan farashi.)

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Masu kallon mota da yawa, mai taya babu. Na fara rage zuwa Toranke don kada Inna ta dube ni. Sai na ji labarin ɗan ƙanin babanmu zai yi aure a Ajingi, kuma cikin abokansa akwai wani Bashir da ke harkar irin waɗannan motoci a Abuja. Na nemi lambarsa, na tura masa hoton da na ɗauka ranar da na saye ta, ja wur tana sheƙi. Nan take ya kira.

"Malam, don Allah kada ka sayar wa kowa. Ina zuwa ɗaurin auren, mu yi magana a can."

Ranar na yi barci har da minshari. Na aika wa kafinta ya zauna da shiri, na ce wa Inna ta fara sallama da robobinta. Na kuma gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni, har da wanda bai tsaya ba.

Saboda haka ranar ɗaurin auren, da aka shafa fatiha, mutane ba su watse ba. Aka biyo ni gindin darbejiyar da na ajiye motar, dattawa da abokan ango da 'yan kasuwa, kowa yana son ganin yadda ake cinikin motar da ba ta tsufa. Bashir saurayi ne mai natsuwa. Muka gaisa, ya duba hagu ya duba dama.

"Ina take, Malam?"

Yana jingine da ita fa yake tambaya.

Na ce ga ta nan. Ya ja da baya ya tsaya yana kallo. Ni kuma na ɗauka mamaki ne ya kama shi, sai na gyara babbar riga na shiga bayani da muryar aji. Na nuna masa tsayin da aka ƙara mata. Na bubbuga kariya na ce buhu biyu ba ya girgiza ta. Na tayar da ita don ya ji yadda ta koyi ladabi ta daina ruri. Duk abin da na lissafa sai ya ce "Innalillahi" a hankali, ni kuma ina jin kamar yabo ne. Ya buɗe ƙofa ya ga furanni, ya kai hannu kusa da giya ya taɓa mariƙin waya.

"Lambarta fa?"

"Wannan ɗan ƙarfen? Ai na cire, yana tare wuri."

Ya fito ya dube ni da tausayi na gaske, ya ɗan ɗaga murya saboda ɓacin rai. "Malam, wane mara imani ne ya yi maka wannan ɓarnar? Wallahi ka kai shi ƙara."

Ɗanlami, wanda na gayyato musamman don ya sha yabo, na ga ya sulale bayan wata bas. Na duba ko'ina ban ga wanda zan nuna ba.

"Ni ne," na ce.

Ya yi mini bayani cikin ladabi, wanda da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Masu sayen irinta, in ji shi, yadda ta fito daga kamfani suke nema, da fentinta da kujerunta da rurinta. Abin da suke biya kenan. Yanzu ko an dawo da lambar, babu abin da za ta shaida. Da na matsa ya taya, ya faɗi abin da bai wuce kuɗin babur mai ƙafa uku ba, shi ma don injin. Sai wani dattijo mai sayen gyaɗa ya matso ya girgiza kariyar, ya ce shi zai ɗan ƙara a kan haka, tunda dai tana ɗaukar buhu biyu. Nan dariyar da ake ta riƙewa ta ɓalle. Dattijon nan na sayar wa daga baya, bayan damina ta yi nisa kuma girman kaina ya sauka.

Abin da na kasa yi wa dariya shi ne ruwan farko. Ya same ni a Toranke, a ɗakin Inna, da rana tsaka. Ta tashi ta jera robobinta ɗaya bayan ɗaya, ta ja gado. Da ta yi faɗa da na samu sauƙi. Na zauna ina jin ɗigar ruwa, kunya da baƙin ciki sun cika ni. Can na lura saitin filonta, inda ya fi ko'ina yoyo a da, babu ko ɗigo. Na tambayi Yaya Habu.

"Na hau na yi faci," ya ce. "Wani ɗan falle na samu a gwangwani, mai kyau, ba ya tsatsa. Har da lamba a jikinsa."

Sai da wata kakar ta zagayo muka yi rufin, da ribar gyaɗar Yaya da abin da ya rage mini. Na dai koyi cewa kafin ka gyara abu, ka fara tambayar abin da ya sa yake da daraja, kada garin gyaran gira ka rasa ido. Da kafinta ya sauke tsohon kwanon, Yaya ya ɓamɓaro fallen ya miƙo mini. Na ce ya mayar da shi gwangwani, a duk motar nan shi kaɗai ne ya cika wa Inna alkawarin da na ɗauka.