Yawun Baba Gariba

"...gajiya kam babu. Amarya, yau kuma da tsinken kunne kika zo mini?"

Haka Baba Gariba ya tari jikarsa Zuera a ƙofar gidansu na unguwar Maamobi, bakinsa jajawur da goro. Tsinken ba na kunne ba ne, na gwajin asali ne, irin wanda ke bin uba zuwa kaka, don haka yawun mace ba ya yi. Uban Gariba sojan Turawa ne da ya sauko daga arewa, ya rasu bai faɗi sunan garinsu ba. Shi kuwa Gariba 'ya'ya mata zalla ya haifa, ba sauran namiji sai shi. Tsinke biyu aka aiko daga Turai, ya riga ya rina ɗaya da goro.

"Angona, tofar da goron nan. Saura ɗaya kacal."

"Na farkon me ya yi?"

"In na aika shi, cewa za su yi kakanmu bishiya ce a dajin Asante."

"Bishiya mai daraja kuwa! Ke kin san yawuna? Motar haya, tirotiro, ta mace a Kawukudi, na tofa mata, sai da ta kai Tudu ba direba."

"Na ji labari. Fasinjojin ne suka tura, gudun kada ka ƙara tofawa."

"Ki ba su naki mana. Bakinki ba ya bushewa kuraa, ko kaɗan."

"Na maza suke so."

"Alhamdulillahi! Yau kin san amfanin miji. To, in suka shuka yawun a Turai, wani Gariba ya tsiro fa?"

"Can zai zauna. Ɗayan ma tukunyar wake ba ta isarsa."

Tsohon ya buɗe baki zai rama, sai kuma ya tsaya kallon tsinken. Ni da ke ɗinki a shagon da ke gefe, ban taɓa ganin Gariba ya bar magana ta wuce shi ba, har tausayi ya kama ni.

"Da gaske za a samo wani?"

"Wataƙila, Baba. Sai in shi ma ya yi gwajin."

Ya juya ya tofar da goron, ya kuskure baki da ruwan buta.

"In an same shi, Bahaushe ne ko Bamoshe, ki ce ya zo. Ina so jinin babana ya kama makarata."

Idon Zuera ya ciko, ta yi maza ta murguɗa baki.

"Shi kaɗai? Da goron da ke cikin nan naka? Sai mun ɗebo 'yan dako daga kasuwar Malam Atta."

Ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta zame. Ya zaro ƙullin goronsa duka daga aljihu ya danƙa mata.

"Ga sadakinki, ja'ira. Riƙe, kar ki ba ni ko na yi kuka."

Sannan ya wangale mata baki ta sa tsinken.