Talotalo Ɗaya, Gida Goma Sha Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ma na so in manta, don mutanen unguwarmu a nan Gure sun ɗauki alkawarin tuna mini har ranar da za a kai ni kushewa. Shekara huɗu ke nan, amma har gobe in na gifta ta gaban fada, inda mazan unguwa ke zaman shayi, sai wani ya yi kukan talotalo a bayana. Manya fa, masu furfura a gemu.

Bari in fara da ƙanena Musa, tunda shi ya jawo mini. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Lakwal ɗaya muka yi, ni na tsaya a aji shida bayan na faɗi jarrabawa sau biyu (mushenmu, malamin ajin, ba ya ƙaunata, wannan kowa ya sani), shi kuwa ya wuce Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan sai muka ji wai yana Amurka. Ni ina nan bakin tasha ina gyaran moto, wato babur, hannu duk baƙin mai. A can ya auri wata Ba'amurkiya, mai kirki ba laifi, wadda matata Falmata ta raɗa wa suna Hadiza saboda sunanta na yanka ya ƙi zama a bakin kowa.

A wannan shekarar suka zo gida bayan an gama yankan gero. Musa ya sayi garka a wani kwari ta hanyar Bune, mai dabino da rijiya, ya sa mata famfon da ke aiki da hasken rana. Kafin ya koma zai damƙa makullin garkar a hannun mutum ɗaya. Ni nake so. Ba na ɓoyewa. Shekarata hamsin, bayana ya gaji da sunkuyo a kan motocin yaran da ba su iya gaisuwa ba. Musa ya ce a gaban kowa, “Ni mutumin da nake nema shi ne wanda in an ce masa yi kaza, zai yi kazan, ba ƙari ba ragi.” Na ce a raina, ai ga shi zaune gabanka yana shan shayi.

Ana nan sai ga kar, babbar motar fasinja, ta sauke wani kwando daga Damagaram. Aka buɗe, sai ga talotalo, ƙato, wuya ja jawur, yana hura hanci kamar sabon ma'aikacin gwamnati. Na ce, “Musa, wannan fa?”

Ya ce, “Yaya, na Hadiza ne. A ƙasarsu akwai wani biki da suke yi sau ɗaya a shekara, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Ranar Godiya suke ce masa. A yanka talotalo, a gode wa Allah, dangi su taru, sannan kuma…”

Na ɗaga masa hannu. (Wannan hannun, da na san abin da zai biyo baya, da aljihu na tura shi.) Na ce, “Tsaya nan. Sau ɗaya a shekara?”

“I.”

“A yanka dabba?”

“I, amma Yaya…”

“A gode wa Allah? To me ya rage? Layya ke nan. Ni za ka koya wa layya? Ina fiɗar rago kana yawo ba wando.”

Musa ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake, ya kama wata hira. Ni kuwa na riga na gama fahimta, har na fara tausayin Amurkawa.

Ranar Alhamis da safe suka shirya za su kwari su ga garka, su biyo da kabewa da dankali. Musa ya ce, “Yaya, don Allah ka yanka mana shi, a fige. Kafin azahar mun dawo.” Hadiza ta rusuna kamar yadda Falmata ta koya mata, ta ce, “Na gode, Yaya,” da Hausarta mai tsalle-tsalle. Na ce su tafi kawai, aiki ya zo hannun mai shi.

Na yanka. Na fige. Da a nan na tsaya, da yau ni ne mai garka.

Amma sai na dubi tsuntsun nan a kwance cikin tasa, na ce yanzu baƙuwa ta taso daga wata uwa duniya, ta yi layyarta a gidanmu, a bar mata nama haka ba tsari? Me za ta je ta ce a ƙasarsu? Sai na tsaga shi ta ƙirji, na baje shi, na samo sanduna biyu na gicciya, na ɗaure shi kamar yadda muke wa ragon Sallah, na kafa shi a gefen wuta a tsakar gida. Wallahi ya yi kyau. Kamar ƙaramin rago mai fiffike.

Falmata ta leƙo daga madafa, ta tsaya tana kallo. Ta ce, “Malam, gashi aka ce maka ko figa?”

Na ce, “Ke dai ki ji da tukunyarki.”

Da ya gasu na sauke, na kasa shi uku yadda aka saba: kashi ɗaya na gida, ɗaya na maƙwabta, ɗaya na mabuƙata. Da na fara lissafa maƙwabta sai na ga ba yadda za a yi a ba gidan liman a hana gidan mai unguwa, a ba mai unguwa a tsallake gidan Baba Kiyari, tsohon da ke riƙe da garka mafi daɗewa a kwarin da Musa ya sayi tasa. Kafin in farga gida goma sha ɗaya. Kashin gida ma sai da na taɓa shi.

Falmata ta sake fitowa, wannan karon hannu a ƙugu. “Malam, an ce ka raba?”

“An ce kar in raba?”

“Ka jira su dawo mana. Me zai ragu in ka jira?”

Na ce, “Falmata, kin taɓa taka ƙofar lakwal? To ni har taswirar Amurka na zana da hannuna.” (Ƙarya ne. Taswirar Afirka ce, kuma mushe ya ce ta yi kama da takalmi.)

Na sa babbar rigata ta Sallah, na jera kwanoni a bayan moto, na bi gida gida da kaina, don ban yarda wani ya kwashe ladan ba. Kowane gida tsoka ɗaya da ɗan ƙashi. Kuma ba miƙawa kawai nake ba, har da bayani. Ina cewa, “Ga naman layyar Amurkawa, daga matar Musa. Ƙasarsu sanyi ya yi yawa, rago ba ya rayuwa, shi ya sa suke yi da tsuntsu. Ku sa su a addu'a.” Inda na samo wannan, har yau ban sani ba. Yana fitowa daga bakina ina jin daɗinsa. Wata tsohuwa har ta yi ƙwalla, ta ce ashe akwai waɗanda suka fi mu wahala.

Na dawo gida ina jin kaina kamar na gina masallaci. Na tarar sun iso. Hadiza ta haɗa tebur biyu a ƙarƙashin rumfa, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ajiye wani babban faranti a tsakiya, wayam, yana jiran mai shi. Ga kuma wata tasa cike da gutsattsarin burodi da albasa da ganye. Ashe cikin talotalon za ta cusa su, ashe ta riga ta shirya da mai burodin unguwa zai gasa mata shi ɗungurungum a tandarsa, a kawo shi tebur ba a taɓa ko fiffike ba, sai kowa ya zauna sannan a yanka. Wannan shi ne “sannan kuma” ɗin da na katse.

Musa ya ce, “Yaya, ina tsuntsun? Mai burodi ya hura wuta.”

Na shiga ɗaki na fito da kwano, na buɗe a gabansu da alfahari. Wuya. Fiffike ɗaya. Da wani abu da ni kaina ban san daga ina ya fito a jikinsa ba.

Musa ya dubi kwano, ya dube ni. “Ina sauran?”

“Ya isa inda ya kamata ya isa. Gida goma sha ɗaya, ban tsallake kowa ba.”

“Ƙundun fa? Da shi za ta yi romo.”

Na ce, “Ƙundu ai na babban gida ne.” Na riga na cinye shi tun a bakin wuta.

Ya juya ya yi wa Hadiza magana da Turanci, gajeruwa. Ta ɗauki wuyan nan da yatsa biyu, ta ɗaga shi sama, ta dubi farantinta, ta ajiye shi a tsakiya. Ya kwanta shi kaɗai kamar maciji a filin idi.  Matar ƙanena fa, wadda ya kamata ta riƙa jin nauyina. Falmata kuwa ta koma madafa, ina jin tana tari, irin tarin da ba na mura ba.

Ina tsaye ina neman ramin da zan shiga, sai aka yi sallama. Matar mai unguwa ce da kwanon da na kai musu, a rufe. Kun san halinmu, ba a mayar da kwano wayam, balle ga baƙuwa, balle da kaka. Tuwon sabon gero ne da miyar kuɓewa. Ba ta zauna ba sai ga na gidan liman, dambu. Sai wake da mai. Sai faten kabewa. Wata ta kawo ƙwaryar nono da ƴan'uwanta suka aiko daga Alakos. Tsohuwar nan mai ƙwalla ta zo da soyayyar kaza guda, wai a ba baiwar Allah ta ci ta ƙoshi. Kuma ba wanda ya ajiye ya tafi, kowa na son ganin matar da ta yi layya da tsuntsu. Kafin la'asar tebur ya cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin zaure.

Na fara samun numfashi. Har na gyara hula. Sai ga Baba Kiyari da sandarsa da ƙunshin dabino.

“Wushe, wushe,” ya gaida jama'a da Barbarci, ya zauna, ya dubi Musa. “Ɗana, tambayar mini matarka. Wai da gaske babu rago ko ɗaya a ƙasarsu? In haka ne ina da tunkiya mai ciki, ku tafi da ita ku gwada.”

Musa ya ce, “Baba, wa ya ce babu rago?”

Gida goma sha ɗaya suka juyo suka dube ni a lokaci ɗaya.

Ban san mutum na iya yin gumi a tafin ƙafa ba sai ranar. Musa ya fassara wa Hadiza, ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, daga baya ta kasa ta fashe da dariya har da hawaye. Shi ke nan aka ba kowa izini. Liman kansa sai da ya cire tabarau.

Da aka lafa, Hadiza ta ba da labarin, Musa na mayarwa da Hausa. Ta ce ba layya ba ce, bikin kaka ne. Kimanin shekara ɗari huɗu da suka wuce wasu baƙi suka tsallaka teku daga Ingila, suka sauka a ƙasar ana tsananin sanyi, ba su san ƙasar ba, ba su san abin da take fitarwa ba. Kafin sanyin ya wuce kusan rabinsu sun mutu. Mutanen da suka tarar a wurin, ƴan asalin ƙasar, su suka nuna musu yadda ake shuka masara da inda ake kamun kifi. Da amfani ya yi kyau sai suka zauna tare, baƙi da masu gida, suka yi kwana uku ana ci. Daga baya aka mayar da abin ranar da dangi ke taruwa, kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Ta nuna kwanonin da ke gabanta ta ce tun tana yarinya take wannan biki, amma yau ne karon farko da ta zauna a matsayin baƙuwar da masu gari suka ciyar.

Baba Kiyari ya gyaɗa kai, ya tauna dabino, ya ce, “To, su masu masarar, me baƙin suka saka musu da shi?”

Hadiza ta dubi tsohon. Ta ce ba alheri ba. Waɗanda suka biyo baya sun ƙwace ƙasar, an kashe da yawa, kuma har yau akwai jikokinsu da ranar nan ta zame musu ranar baƙin ciki.

Tsoho ya tura mata dabino gabanta. “Ci, ƴata, ci ki ƙoshi. Amma ki gaya wa mijinki, iyakar garkarsa ita ce dabinon nan mai karkata. Daga nan tawa ce.”

Aka sake kwashewa da dariya, wannan karon ba a kaina ba, alhamdu lillahi. Aka zagaya kowa ya faɗi godiyarsa. Da aka zo kaina na ce na gode wa Allah da talotalon bai zama biyu ba.

Ana jibi za su tafi Musa ya same ni a zaure. Ya ce, “Yaya, zuciyarka mai kyau ce. Amma in na ba ka garkar nan, Gure kaf za ta ci tumatir kyauta, kuma za ka gaya musu a Amurka ba ya tsirowa.” Ya kira Falmata, ya miƙa mata makullin a gabana. Wai ita ce ta yi tambayar da ta dace, har sau biyu.

Yanzu haka ni nake ban ruwa a garkar, Falmata ke faɗin inda za a shuka me. In na kawo shawara sai ta ce, “Malam, an ce ka raba?” Ni dai aikin da aka bar mini ba gardama shi ne kai wa maƙwabta nasu in an yi girbi, wai na ƙware. A fada kuwa sunana Limamin Talotalo, kuma duk ƙarshen Nuwamba sai an tare ni a hanya: “Liman, bana ina tsokarmu?”

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In ƙanenka ya ce “sannan kuma”, ka mayar da hannunka aljihu ka bar shi ya ƙarasa, ko da kai ka goya shi. Ƙundun dai na ci, kuma ba na nadama. Shi kaɗai na samu a cikin harkar.