Kifayen Bangon Otal

Ba zan taɓa mantawa da ranar da yayan Rifkatu ya zo ganina a wurin aiki tare da ita ba. A lokacin ina kai wa baƙi abinci a wani otal kusa da Jebel Ali, can ƙasar waje, ina kuma neman aurenta. Iyayenta na Kafanchan, sun ce duk abin da Yaya Bitrus ya yanke a kaina shi ke nan. Shi kuwa direban kiren ne, injin ɗaga kaya, a tashar jiragen ruwa, mutum mai shiru, irin wanda shirunsa ke sa bakinka ya yi ta zuba.

A bangon ɗakin cin abincin akwai jerin tsofaffin zanen kifaye, an ce daga wani littafin Turawa na zamanin da aka ciro su. Kifi ja da kore, wani da taurari a jiki, wani kamar yana murmushi. Kullum ina wuce su da faranti, ban taɓa tsayawa na dube su ba.

Yaya Bitrus ya tsaya a gabansu, hannu a baya. Ya ce, "Ikon Allah. Akwai irin waɗannan da gaske?"

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma ina so ya ga ƙanwarsa ta samu wayayye. (Ni da ban san wani kifi ba sai tarwaɗa da busasshen da mama ke sa wa miya.)

Na ce, "Haba Yaya, ai duk na bangon nan babu wanda ba a soya mini ba. A kasuwar kifi ta Deira ake samunsu."

Ya gyaɗa kai, muka ci gaba da bin bango. Ina ta bayani: wannan ƙaya gare shi, wancan sai da lemun tsami. Rifkatu na taka mini ƙafa, na ɗauka soyayya ce. Sai muka iso zane na ƙarshe, wanda ke bayan tukunyar fure. 'Yar ruwa ce: kai da hannuwa na mace, daga ƙugu zuwa ƙasa wutsiyar kifi.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo ba ko murmushi.

"Ita wannan fa, ƙanina? Da yaji aka kawo maka ita, ko farfesu?"

Na ji na'urar sanyaya ɗakin ta daina aiki a jikina kaɗai. Rifkatu ta rufe fuska da jaka, kafaɗunta na rawa.

Daga baya na bincika. Ashe mai zanen wani talakan ma'aikaci ne da ya yi nisa da gida. Wasu kifayen ya gan su, sauran ya ƙara musu launi don mutanen garinsu, waɗanda ba za su taɓa ganin wannan teku ba, su jinjina masa. Na ji tausayinsa ƙwarai. Na tuna hotunan da nake turawa gida, ina jingine da motar da ba tawa ba.

Yaya Bitrus ya amince da auren. Ya ce wa iyayen, "Yaron kirki ne, bakinsa ne kawai ya fi shi tafiye-tafiye." Har yau Sarkin Ruwa yake kirana, 'ya'yana ma sun ɗauka sarauta ce ta gaske.

Ni dai na koyi darasi: kafin ka ce ka san komai, ka fara bin bangon har ƙarshe.