Kara a Idon Tasalla

Duk wanda ya shigo gaida Tasalla da safen nan, karan da ke ɗaure a fatar idonta yake kallo. Ba wanda ya lura bango take fuskanta, tana zaton ƙofa ce.

Da daɗewa fatar idonta ta saki ta rufto, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar. Jikanta Halliru ne ke tuge mata shi da hantsaki. Da aka ɗebi Halliru cikin masu ɗaukar kayan Turawan da ke dasa turakun iyaka, daga Illela har can gabas, sai ta kira wanzami. Ya tsaga kara, ya matse rarar fatar a tsakani, ya ɗaure da zare. Haka ake bari har fatar ta mutu ta faɗi, idon ya ɗage. Ya so a yi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a haɗa biyun, tunda an ce sai sabon wata za a tafi, tana da mai ja mata hannu kafin kumburi ya sauka. Yanzu idanun duka sun rufe.

"Ina kwana, amarya?" in ji Halliru. "Juyo, ga ni bayanki. Bango kike gaisawa da shi."

"Na sani. Ya hi ka kyan gani."

"Mi anka yi miki haka? Awa kwaɗon da jaki ya taka."

"Kwalliya ce. Miji nike nema. Na gaji da kai, ba cefane, ba zane, sai tsawo."

"Wa za ya kwashe ki? Ko Attahiru mai jakai, da ba ya ƙin kowa, sai ya yi shawara."

"Bari kara ya faɗi ka gani. Har Ƙonni za a ji labarina. Sarki da kansa za ya aiko."

"Ya aiko a kai ki gona ki kori birai."

Ta fara dariya, zaren ya ja fatar, ta tsaya. Wani ruwa mai jini-jini ya gangaro mata. Ya matso ya goge da bakin rigarsa.

"Takalmi nike ji," in ji ta. "Kai da ko ran Salla ba ka sa takalmi."

Ya dubi takalman da ke ƙafarsa.

"Dogari ya zo da sahe. Yau za a tashi, bayan azahar."

"Wata bai kama ba."

"Bature ba ya duban wata, Kaka."

Ta juyo inda muryarsa take.

"Kwance mini ɗaya."

"Wanzami ya ce in anka kwance fatar ba ta mutu ba, ruɓewa take yi, ta tahi da idon."

"Ɗaya na ce. Na hagu. Dama shi malalaci ne."

"In kwance ki gan ni, ki fasa auren sarki? Ni na riga na sake ki."

"Waɗanda anka ɗiba bara, Hamidu kaɗai ya dawo. Shi ma ɗauko shi anka yi."

"Hamidu rago ne. Ni da ƙahwata zan dawo, in iske ki da ido awa na mujiya, kin kore zawarawan garin nan kaf."

Ta ɗaga hannu tana laluben ƙullin zaren. Ya riƙe mata wuyan hannun. Ta ja, bai saki ba. Suka daɗe a haka, ƙuda na sauka a kan karan yana kora da ɗaya hannun.

"Na yi ma maƙwabciyarmu Bilki magana," ya ce. "Ita za ta riƙa kai ki bayan gida, ta kawo miki ruwa."

Hannun Tasalla ya yi sanyi a cikin nasa.

"To, ka ci," ta ce. "Dama mi zan gani? Kunnuwa awa faifai, da hancin ubanka."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, saboda zaren.

Ta sa ya miƙo mata ƙwarya da ludayi, ta dama masa furar hanya da lalube. Wajen ɗurawa a gora, kusan rabi a ƙasa ya zuba. Ya karɓa, ya toshe bakin goran, ya ce mata goran ya cika.